Kafin Ka Sayi Bindigar Feshi, Fara Auna Iskarka: Darasi Kan Yi wa Gurmi da Garaya Man Sheƙi



Ni ɗan Yashe ne, garin da hanyar Funtuwa ke haɗuwa da babbar hanyar Kano zuwa Katsina. A ƙauyukan da ke tsakaninmu da Kankiya da Kusada har yanzu akwai dattawan da ke haɗa gurmi da garaya da kukuma da hannunsu. Aikinsu na da kyau, sautin ma babu laifi. Matsalar ita ce mai saye na yanzu da ido yake fara saye. Ya saba ganin jita tana ƙyalli a shago, sai a miƙo masa gurmi mai busasshiyar ƙwarya da sanda mai kaushi, ya taya shi da kuɗin da bai kai wahalar da aka sha ba. A nan ne mu 'yan foli za mu iya shiga: mu karɓi aikin gamawa, mu yi feshin man sheƙi, mu da masu haɗawa kowa ya samu.

To amma da yawanmu muna jin an ce feshi, sai hankali ya tafi kan babban kwamfaresa da bindiga irin ta masu fentin mota. Abin da nake so in nuna a wannan darasi shi ne, kayan kiɗan tsirkiya ƙananan abubuwa ne, kuma kayan aikin da ya dace da su ƙarami ne. Wanda ya fara da sayen bindiga kafin ya lissafa iskar da yake da ita da wutar da za ta ba shi iskar, ya yi asarar kuɗinsa.

Me za a fesa, me ba za a taɓa ba?

Mu fara da sanin kayan. Goge da kukuma rabin ƙwarya ne da aka rufe da fata, tsirkiyarsu ta izgar doki ce, ana goga ta da baka. Gurmi shi ma ƙwarya ne da fata da sanda, amma da yatsa ake kaɗa shi, kamar yadda Haruna Uji na Haɗeja ya shahara da shi. Garaya da molo jikinsu itace ne da aka fafe. Kuntigi kuwa, wanda Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi har ya rasu a 2015, gwangwani ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya.

Duk cikinsu fatar nan ce ke magana. Tsirkiya na girgiza, jaki ya kai girgizar kan fata, fata ta bugi iska, kunne ya ji. In man sheƙi ya hau fata sai ta yi nauyi ta sandare, sauti ya dushe, bayan 'yan watanni kuma man ya tsattsage domin fata na miƙewa da damina tana tsukewa da hunturu. In ya taɓa izga, baka zai riƙa zamewa, ƙaron da ake shafa mata ba zai kama ba. Wani dattijo da nake kai wa ziyara a gefen garinmu ya taɓa ce mini, “Ɗana, ka yi wa ƙwarya kwalliya yadda ka ga dama, amma fata ba ruwanka da ita.” Na ce, “Baba, ko kaɗan?” Ya ce, “Ko ɗigo.” Saboda haka ƙwarya da itace kaɗai ake fesawa. Abin da ya fi shi ne a yi feshin kafin a ɗaura fata. In an riga an ɗaura, a cire tsirkiya da jaki, a rufe fatar da jarida da salatif ɗin takarda.

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi. A ce faɗin bakin ƙwaryar gurmi santimita 20 ne. Faɗin bayan rabin ƙwallo shi ne 2 sau 3.14 sau 10 sau 10, wato murabba'in santimita 628. A ce sandar tsawonta santimita 60 ne, kaurinta 3, wannan ya ba mu kimanin 565. In an haɗa, bai wuce murabba'in mita 0.12 ba. Fuska ɗaya ta ƙofar ɗaki mai faɗin mita 0.9 da tsawon mita 2 ta kai murabba'in mita 1.8. Ka ga ke nan gurmi 15 ne ke yin fuskar ƙofa ɗaya. Riƙe wannan lissafin, shi ne zai hana ɗan kasuwa ya sayar maka da abin da ya fi ƙarfin aikinka.

Man da kansa

Man sheƙin da kafintoci suka fi amfani da shi shi ne wanda masu shagon fenti ke kira laka, ba lakar kududdufi ba fa, mai ɗauke da haruffan NC a jikin gwangwani. Daga auduga ko itace ake samo asalinsa, a sarrafa shi da asid, a narkar da shi a tina. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya yaɗa shi a farkon shekarun 1920 don fentin mota, daga baya masu yin jita irin su Gibson da Martin da Fender suka ɗauka. Abin da ya sa ya dace da kayan kiɗa shi ne yana bushewa da sauri, yana kwanciya siriri, kuma sabon shafi na narkewa cikin tsohon, don haka gyaransa ba wuya. Saurin bushewar nan ne ya sa burushi ba ya yi masa daɗi, kafin ka koma ka gyara layi ya riga ya kama. Dalilin feshi ke nan.

Akwai kuma wanda masu fentin mota ke haɗawa da maganin ƙarfi, wanda ake rubuta 2K. Yana da sheƙi sosai, amma ina ba ku shawara ku bar shi. Yana da kauri ga ƙaramin abu, ba ya gyaruwa cikin sauƙi, kuma sinadarin da ke cikin maganin ƙarfinsa na jawo asma mai tsanani. Takunkumin da ɗalibi zai iya saya bai isa ya kare shi daga wannan ba.

Hanyoyi huɗu da kuɗinsu

Hanya ta farko ita ce gwangwanin feshi na hannu, mai mililita 400, wanda ba shi da launi. Ba ya buƙatar wuta ko tiyo ko wanki. A ƙiyasina gwangwani ɗaya zai yi wa gurmi biyu shafi huɗu-huɗu, wani lokaci har da saura. Aibinsa shi ne man da ke ciki ruwa-ruwa ne, sai an yi ta maimaitawa, kuma in aiki ya yi yawa tsadarsa na fitowa. Ga mai yin kaya biyu ko uku a wata, babu abin da ya fi shi sauƙi.

Hanya ta biyu ita ce bindigar lantarki ta roba mai ɗan injin hura iska a jikinta, mai cin wat 400 zuwa 600. Tana jan hankali domin ba ta da tsada kuma ƙaramin janareta na ɗaukarta. Sai dai bakinta babba ne, yawanci milimita 1.8 zuwa sama, an yi ta ne don ƙofa da katanga da kujera. A kan ƙwarya sai ta zuba mai da yawa ya riƙa tsiyaya. Bayan haka injinta na fitar da tartsatsi a ciki, shi ya sa takardar bayanin da yawa daga cikinsu ta hana a zuba musu mai irin wanda ake sirkawa da tina. Karanta takardar kafin ka biya.

Hanya ta uku ita ce babbar bindiga mai kofin mililita 600 ko lita ɗaya, da kwamfaresa. Ita kowa ke sha'awa, ita kuma ta fi cin mutane.

Hanya ta huɗu ita ce ƙaramar bindiga mai kofi a sama, kofin mililita 120 ko kusa da haka, bakinta milimita 0.8 zuwa 1.0, irin wadda masu fentin mota ke gyaran ƙananan tabo da ita. Wannan ita ce tamu. Bari in nuna dalili.

Lissafin iska

Bindigar feshi ba wani abin mamaki ba ce. Wani likita ne a garin Toledo na Amurka, Allen DeVilbiss, ya ƙera abin fesa wa majinyata magani a maƙogwaro a 1888, ɗansa Thomas ya mayar da dabarar ta zama ta fenti a 1907. Har yau aikin ɗaya ne: iska mai gudu ta farfasa ruwa ya zama ƙananan ɗigo. In iska ta gaza, ɗigon ya yi girma, aiki ya fito da ƙuraje kamar ɓawon lemo.

Abu biyu ake aunawa a iska. Akwai matsi, wanda agogon kwamfaresa ke nunawa da ba ko psi, ba ɗaya daidai yake da psi 14.5. Akwai kuma yawa, wato lita nawa ke fita a minti ɗaya, wani kwalin kuma zai rubuta CFM, kowane ɗaya lita 28 ne da ɗoriya. Mutane na kallon matsi su manta da yawa, alhali yawan ne ke yanke hukunci.

Za ka ga an rubuta HVLP a jikin bindigogi da yawa. Ma'anarsa iska mai yawa a ƙaramin matsi, kada ya wuce psi 10 a bakin bindiga. Amfaninsa shi ne kashi 65 cikin 100 na man ko fiye na iya sauka kan aiki, maimakon tsohuwar bindiga mai matsi da ke watsar da fiye da rabi a iska. Abu ne mai kyau, amma ka lura da kalmar farko, iska mai yawa. Babbar bindiga irin wannan na shan lita 250 zuwa 400 a minti. Kwamfaresa mai tankin lita 24 da injin doki 2, wanda aka fi samu a kasuwa, ko da an rubuta masa lita 200 a kwali, wannan iskar da yake zuƙa ce. Wadda yake bayarwa a zahiri ba ta cika wuce 120 zuwa 140 ba.

Mu gwada. Tankin lita 24 da aka cika zuwa ba 8, in za a yi amfani da shi har ya sauko ba 3, ajiyarsa 24 sau 5 ce, wato lita 120. Bindiga na shan 300, inji na mayar da 120, giɓi ya zama 180 a minti. Cikin daƙiƙa 40 ajiya ta ƙare, feshi ya fara tofi. Yanzu sa ƙaramar bindiga mai shan lita 100 ko kusa da haka. Inji na ba ta abin da take sha har da ragi. Daidai ruwa daidai tsaki.

Ga wani abin da zai yi mana amfani a ƙauye. Tankin lita 50 da aka cika zuwa ba 8 na da ajiyar lita 250 kafin ya sauko ba 3. Ƙaramar bindiga za ta yi minti biyu da rabi tana aiki da wannan ba tare da inji ya tashi ba. Shafi ɗaya na gurmi bai kai minti ɗaya na danna kunama ba. Ashe in wuta ta zo da dare ka cika tanki ka rufe, da safe za ka yi shafi biyu ko uku ko da wutar ta tafi.

Lissafin wuta

Doki ɗaya wat 746 ne, injin doki 2 ke nan na cin kusan wat 1,500 in yana gudu. Lokacin tashi kuwa yana fizgar ninki biyu zuwa uku na haka. Ɗan janaretan nan na caji da kallon ƙwallo, mai wat 650 zuwa 800, ba zai ko motsa shi ba. Wanda ya sayi kwamfaresa bai yi wannan lissafin ba, zai tarar yana buƙatar janareta da ya fi kwamfaresan tsada, ga kuma kuɗin fetur da muka san yadda ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayu na 2023. Haka nan kada a ja wuta da doguwar siririyar waya, ƙarfin wutar na raguwa a hanya, inji ya yi ta gurnani har ya ƙone. Tiyo ake ƙara wa tsawo, ba waya ba.

Shi ya sa nake cewa ba dole ne ka mallaki iska ba. A bakin hanya a Yashe da Kankiya akwai masu faci, kowanne da injinsa da tankinsa. Akwai kafintoci da masu gyaran bodin mota. Ka je da ladabi, ka gaida maigida, ku daidaita kan ɗan abin da za ka riƙa ba shi, ka tara kaya biyar ko shida ka fesa a zama ɗaya. Abin da za ka riƙe naka shi ne bindiga, da tiyo, da ɗan agogon rage matsi mai haɗe da matatar ruwa. Matatar nan ba ta zaɓi ba ce. Iskar da aka matse tana tara ruwa a tanki, injin mai faci kuma na tura ɗan bakin mai. Ɗigon ruwa na sa farin tabo, ɗigon bakin mai na sa ƙananan ramuka masu kama da idon kifi. A wurin da na yi SIWES na ga an kankare teburi guda an sake shi daga farko saboda rashin wannan 'yar matata.

Gargaɗi ɗaya: kada wani ya ruɗe ka da tankin da aka yi wa walda daga tsohuwar tukunyar gas, babu bawul ɗin da ke sakin iska in matsi ya wuce kima. Wannan bam ne aka ajiye a shago.

Yaushe saye ya fi haya?

Ba zan rubuta farashi ba domin kafin mujallar nan ta fito ya canja. Ga hanyar da za ka auna da kanka. Je kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari a Kano, ko shagunan kayan gini a Katsina, ka tambayi kuɗin gwangwanin feshi ɗaya, ka tambayi kuɗin kwamfaresa da bindiga da tiyo da matata gaba ɗaya. Raba na biyu da na farko. A ce ya ba ka 40. Tunda gwangwani ɗaya na yin kaya biyu, sai ka yi kaya 80 kafin injin ya fanshi kansa, ba a ma sa kuɗin laka da tina da fetur ba. In kana yin uku a wata, wannan ya haura shekara biyu. In wata makaranta ko ƙungiyar al'adu ta ba ka kwangilar ashirin-ashirin, to lissafi ya juya. Yawan aiki ne ke sayen inji.

In ka zo sayen bindigar, duba abu huɗu. Allura da baki su zama na ƙarfe marar tsatsa. Ta kasance da maɓalli uku, na yawan mai, na faɗin feshi, da na iska. Danna kunamar ka ji allura na komawa da kanta ba ta maƙalewa. Sannan ka tambayi mai shago ko yana da baki da allura na canji. Bindigar da ba a samun kayanta, ranar da ta toshe ranar ta mutu. Araha ba ta ado.

Kuɗin farko na huhu ne

Kafin bindiga, kafin komai, sayi takunkumin roba mai gwangwani biyu na gawayi, wanda aka yi don tururin fenti. Takunkumin asibiti da muka saba da shi lokacin korona, ko rawani, ko hankici, ƙura kawai suke tarewa, tururin tina na ratsa su kamar babu. Madarar da ake cewa a sha bayan feshi ba ta wanke huhu, ciki take tafiya. In ka fara jin warin tina ta cikin takunkumi, gawayin ya ƙoshi, canja shi. In ka gama aiki ka sa shi a leda ka ɗaure, in ba haka ba zai yi ta shan iska yana mutuwa a banza.

Laka da tina abokan wuta ne. Kada a yi feshi kusa da murhu, ko mai shayi, ko mai walda, ko janareta da ke aiki, kuma kada a yi a ɗakin kwana, balle a hostel. A samu rumfa mai iska, iskar na bugun bayanka.

Yanayinmu da yadda ake feshin

Kowane lokaci na shekara da halinsa. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ƙasa, ka samu babban kwali ka kife kan aiki da zarar ka gama. Da bazara, lokacin da zafi ke kai maki 40, man na bushewa a iska kafin ya sauka, sai aiki ya yi gari-gari. Yi feshi da sassafe, ka ɗan matso da bindiga. Da damina, musamman a watan Agusta, laima na sa man ya yi fari kamar hazo. Jira rana ta ɗaga, kada ka yi bayan ruwa ya ɗauke.

Ga tsarin a taƙaice. Goge itace da samfefa mai lamba 180, ka bi da 240. Bayan ƙwarya na da santsi, a ɗan kashe shi da 320 don mai ya kama. Share ƙura da tsumma mai tsabta. Yi shafi ɗaya ko biyu na sila, ka goge da 320. Sirka laka da tina kusan rabi da rabi, ka tace da tsohuwar safa ta nailan. Gwada a kan fasasshiyar ƙwarya tukuna. Riƙe bindiga nisan santimita 15 zuwa 20, fara tafiyar hannu kafin ka danna, kowane layi ya hau rabin na baya. Rataye kayan da waya, ko ka soke ƙwaryar a kan sanda kana juya ta da ɗaya hannun. Shafi uku ko huɗu sirara sun isa, da tazarar minti 20 zuwa 30. Duka kaurin kada ya wuce na takardar littafi ɗaya ko biyu. Wurin da yatsa ke zirga-zirga a kan sanda a rage masa mai, makaɗi ba ya son sanda mai danƙo. A bar shi ya sha iska a inuwa aƙalla mako guda kafin a ɗaura fata. Da ka gama, zuba tina a kofi ka fesa har ya fito fes, ka goge allura. Kada ka sa waya ko ƙusa a bakin bindiga.

Aikin gida

Ga wanda ke son ya gwada, jerin sayayyar shi ne: takunkumi, samfefa da salatif, gwangwanin feshi ɗaya. In aiki ya ƙaru, ƙaramar bindiga da tiyo da matata, a yi hayar iska. Kwamfaresa shi ne na ƙarshe, sai lissafin da na nuna ya ce a saya.

In an yi hutu, nemi fasassun ƙwarya guda uku. Yi wa ɗaya shafi biyu, ɗaya huɗu, ɗaya takwas. Bayan mako guda ka ƙwanƙwasa kowacce da farce ka saurara, ka kuma ajiye su wata ɗaya ka ga wadda za ta fara tsagewa. Sannan ka nemi mai haɗa gurmi ko garaya a yankinku, ka kai masa gaisuwa, ka nuna masa, ka ji abin da zai ce. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Duk wanda ya yi, ya kawo sakamakonsa ofishin ƙungiyar ɗalibai mu haɗa mu buga a fitowa ta gaba.